Gwanin Juye a Bakin Ruwa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin Neja ya buɗe ya zama tafki mai faɗi, kuma zirga-zirga tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake ta dogara ga kwale-kwale mai inji. Fasinja da buhunan shinkafa da kwandunan kifi duk inji ke ɗauke da su, shi kuwa inji ransa mai ne. Saboda haka cikin masu sana'ar bakin ruwa akwai wanda ya cancanci yabo na musamman: makaniken da zai yi wa inji juye, ya canja filta, ya tashi ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ruwa ba.

Aikin ya fi na makaniken mota wuya. A gareji, in mai ya zube, a watsa masa ƙasa ko dusar katako a share. A nan kuwa ruwa ne a ƙarƙashi, ruwan da ake sha, ake wanka, ake kamun kifi a cikinsa. Cokali ɗaya na baƙin mai kan bazu a kansa ya yi shimfiɗa mai ƙyalli, ya tare iskar da kifi ke buƙata. In a cikin jirgin ya zube, ga santsi ga fasinja, ga wari a jikin kaya.

Gwani yakan gama rabin aikinsa kafin ya ɗauki sifana. Yakan sa a ja jirgin gaɓa, ko a sauke injin a rataye shi tsaye a jikin katako. Ya shimfiɗa leda, ya ɗora kwali, ya aje kwano mai faɗin baki, ga mazurari, ga jarka mai murfi, ga tsumma a aljihu. Sabon mai da sabuwar filta suna kusa, domin wanda hannunsa ya jiƙe da mai ba ya tashi neman kaya.

Yawancin injinan da ke wannan ruwa, irin su Yamaha Enduro, ana gauraya musu mai ne da fetur, galibi lita ɗaya cikin lita 50. Juyensu na man giya ne, a can ƙasa kusa da farfela, kuma a nan ake gane hannu. Noti biyu ne, na sama da na ƙasa. Gwani yakan fara kwance na ƙasa, sai man ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan saboda iska ba ta shiga ba. Sai ya gyara zaman kwanonsa, sannan ya kwance na sama, man ya sauko daidai inda aka shirya masa.

Ba ya kawar da kwanon sai ya karanta abin da ke ciki. In man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya cinye robar da ke tare ruwan. In kan notin ƙasa, wanda ke da maganaɗisu, ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe masu kauri, haƙoran giya sun fara ci. Mai jirgi ya ji wannan labari a gaɓa ya fi ya ji shi a tsakiyar tafki da fasinja cike.

Wajen zuba sabo ma da hikima. Ta ramin ƙasa ake tura shi da tiyo, yana hawa yana korar iska, har ya leƙo ta ramin sama. Sai a ɗaure notin sama tukuna, bakin tiyo na nan a ƙasa. Da an toshe sama, man ba ya saurin zubowa, sai a zare tiyo a ɗaure na ƙasa cikin natsuwa, kowane noti da sabuwar washa.

Sabbin injina masu rumbun mai irin na mota, su ne ke da filtar mai. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. Gwani yakan tayar da injin mintoci kaɗan yana cikin ruwa, domin man ya yi ɗumi ya saki jiki ya kwaso dattin da ya kwanta. Maimakon kwance noti a saman ruwa, yakan zura siririn tiyo ta ramin sandar awo, ya zuƙe man da famfon hannu kai tsaye zuwa jarka. Filta kuwa yakan sassauta ta kaɗan, ya cusa tsumma a ƙarƙashi, ya rufa mata leda, ya ƙarasa kwancewa a cikin ledar ya ƙulle baki. Sai ya duba ko tsohon zoben robar filtar ya liƙe a jikin inji, domin zobe biyu a wuri ɗaya yoyo ne tabbas. Ya shafa wa sabon zobe ɗan mai, ya ɗaure da hannu kawai. Bayan ya zuba mai ya tayar, yakan kashe ya jira man ya kwanta kafin ya auna, don man da ya wuce layin sandar awo kumfa yake yi.

Tsohon mai a jarka yake barin bakin ruwa, tare da tsumma da ledar filta. In tsautsayi ya sa wani ya zube, gwani da tsumma da kwali yake tsane shi. Ba ya watsa omo, saboda omo nutsar da man kawai yake yi, ido ya daina gani, guba na nan.

Masu jirage da sarakunan ruwa, ku nemi irin wannan makanike, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ku kuma tura yaranku su koya a hannunsa. Injinku zai daɗe, fasinjanku zai sauka lafiya, ruwan da kuke ci daga gare shi zai zauna da tsabtarsa.