Wa zai gaji Baƙar Damisa?



In ka shigo Yamai da dare, ka bi ta Bukoki ko Wadata ko Zongo, za ka tarad da samari zaune a fada ana dafa shayi. Wata rana gardamar ƙwallo su ke yi, wata rana ta sinima. Abin mamaki, har sinimar da ba ta fito ba ana gardama a kanta. Wannan ya ce wane ne zai fito a ciki, wancan ya ce ƙarya ne. Sinimar da na ke nufi ita ce kashi na uku na Black Panther, wato Baƙar Damisa. Wataƙila ɗanka da ya komo daga cin rani ya nuna maka kashi na farko cikin salularsa. To, zauna mu duba zancen tare.

Wace irin sinima ce?

Akwai sinimar da a ke ƙaga labarinta bisa ilimin kimiyya. A cikinta za ka ga jirage da makamai da magunguna waɗanda babu su a duniya. Kamar tatsuniya ta ke, sai dai inda kakarka za ta sa aljani, su na'ura su ke sawa.

Wasu Amurkawa biyu, Stan Lee da Jack Kirby, su su ka ƙago Baƙar Damisa cikin littafin zane a 1966. Kamfanin Marvel ya mai da shi sinima a watan Fabrairu na 2018. Wanda ya shirya ta baƙar fata ne ɗan Amurka, sunansa Ryan Coogler.

Ga labarin a taƙaice. Akwai wata ƙasa a Afirka, wai ita Wakanda. Kada ka neme ta a taswira, babu ta. Wani dutse ya faɗo mata daga sama, cikinsa da wani ƙarfe mai suna bibraniyom. Da ƙarfen nan mutanen Wakanda su ka gina birni, su ka ƙera jirage, su ka fi kowa ilimi. Amma sun ɓoye arzikinsu, su na nuna wa duniya su talakawa ne makiyaya. Bature bai taɓa mulkinsu ba. Sarkinsu T'Challa shi ne mai sa rigar damisa ya tsare ƙasa.

Sinimar ta samo kuɗi fiye da miliyan 1300 na dalar Amurka. Ka lura, ba dalarmu ta tamma biyar ba ce.

Mutuwa ta ratsa labari

Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin sarki, ya rasu ran 28 ga Agusta 2020, yana da shekara 43. Ciwon daji na hanji ya kashe shi. Kamfani ya ce ba zai sa wani a gurbinsa ba cikin kashi na biyu. Sai a ka kashe sarkin a cikin labari ma.

Kashi na biyu ya fito a Nuwamba 2022. A ƙarshensa ƙanwar sarki, Shuri, ta ɗauki rigar damisa. Wani jarumin dutse mai suna M'Baku ya fito neman sarauta. Sarkin mutanen ƙarƙashin teku, Namor, ya yi sulhu amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Daga nan a ka nuna wani yaro a ƙasar Haiti, a ka ce ɗan marigayi ne da a ka ɓoye.

Ka gani? Ƙofa huɗu a ka bari a buɗe. Da gangan a ka yi haka, kamar yadda mai tatsuniya ke tsayawa daidai inda Gizo ya shiga rami, don gobe yara su komo.

Mu rarrabe tsaba da ƙaiƙayi

Ga abin da ya fito daga bakin masu abu. A Nuwamba 2024 babban ɗan wasa Denzel Washington ya faɗa a telebijin ta ƙasar Ostireliya cewa Coogler na rubuta masa matsayi cikin kashi na uku. A 2025 Coogler da kansa ya gaskata maganar. Wannan tsaba ce.

Ga kuma abin da masu kallo su ka sassaƙa da kansu. Wasu sun ce yaron Haiti zai girma ya karɓi gadon ubansa. Wasu sun ce sabon T'Challa za a kawo, har su na kiran sunan Damson Idris, ɗan wasan Ingila mai asalin Najeriya. Wasu sun ce Shuri da M'Baku za su yi rikicin sarauta. Wasu sun raba wa Denzel Washington matsayi iri-iri, yau mugu, gobe dattijon gari. Duk wannan hasashe ne.

Hasashe ba laifi ba ne. Manomi ma ya kan dubi gabas ya ce yau za a yi ruwa. Amma ba ya shuka sai ƙasa ta jiƙa. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki "ina tsammani" ya mai da ita "an ce", na gabansa kuma ya mai da ita "an tabbatar". Akwai ma masu haɗa tallar ƙarya da kwamfuta, su sa ta a YouTube ko TikTok, don yawan masu kallo shi ke kawo musu kuɗi. Shi kuwa kamfani ba ya hasara. Gardamar da a ke yi a fada talla ce da bai biya ko tamma ba.

Saboda haka in an kawo maka labari, yi tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? A ina ya faɗa? In babu amsa, ji ka ajiye. Tambayoyin nan za su yi maka aiki har ga zancen kuɗin taki da na hatsi.

Abin da ya yi kyau

Gaskiya sinimar nan ta yi abin yabo. Da can in Turawa sun nuna Afirka, daga yunwa sai daji sai mai ɗaukar kaya. A nan kuwa baƙar fata ne likita, shi ne maƙeri, shi ne sarki. Yarinya ce shugabar masu ilimin ƙasa. Mata ne dogaran sarki. Mutanen Wakanda na magana da harshen Kosa na Afirka ta Kudu. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin, ta ɗauko samfuri daga Masai da Zulu da Abzinawa irin namu. Aikin nan ya sa ta ci babbar kyautar Oska har sau biyu, a 2019 da 2023.

Akwai kuma inda labarin ya matso kusa da gida. A kashi na farko an nuna dajin Sambisa na Najeriya da matan da a ka sace. A kashi na biyu an nuna Ansongo ta ƙasar Mali, garin da ke bakin kogin Isa bisa hanyar Yamai zuwa Gao. Nan wasu sojojin haya masu jin Faransanci su ka zo satar ƙarfen Wakanda, a ka kama su, a ka gurfanar da su gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin ya yi wa hukumar Faransa zafi. A Fabrairu 2023 ministan sojanta na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir da shi.

Abin da ya rage

Amma kada daɗi ya rufe mana ido. Aibi uku na gani.

Na farko, arzikin Wakanda daga sama ya faɗo. Mu kuwa mun san ƙarfe kaɗai ba ya gina ƙasa. An fara haƙar uraniyom a Arlit tun 1971. Mahaƙar Akuta ta yi aiki daga 1978 har a ka rufe ta a 2021. Duk da haka ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. Abin da ke mai da ƙarfe arziki shi ne ilimi, da ciniki na adalci, da riƙon amana. Sinimar ta tsallake wannan wahala.

Na biyu, a Wakanda da kokawa a ke cin sarauta. Wanda ya ka da wani shi ke mulki. Kokawa wasanmu ce, muna son ta. Amma wanda ya ɗauki takobi a filin kokawa ba a ba shi ƙasa ya riƙe. Kuma a duk labarin ba ka jin muryar manomi ko mai tallar nono. Daga sarki sai ɗan sarki.

Na uku, a kashi na biyu ɓarayin ƙarfe sun koma gefe tun da wuri. Sauran yaƙin tsakanin Wakanda ne da mutanen Namor, waɗanda su ma mulkin mallaka ne ya kore su daga ƙasarsu. Waɗanda a ka cuta su ne ke kashe juna.

Don haka ni a ganina tambayar "wa zai sa riga" ƙarama ce. Babbar tambaya ita ce: kashi na uku zai nuna mana yadda talakan Wakanda ke cin arzikin ƙasarsa? Da wannan mudu ya kamata mu auna shi.

Mu ma muna da namu

A 1966, shekarar da a ka ƙago Baƙar Damisa, ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan ya yi sinima mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya komo gida da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, su ka ɗauki sunayen Amurkawa, su ka hau dawaki, su ka dami gari. Wasa ya ƙare da zub da jini. Mustafa ya rasu a 2015, amma gargaɗinsa na nan: kayan aro ba ya rufe katara.

Umaru Ganda kuma shi ne na farko da ya ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu, a 1972. Sunansa a ka sa wa gidan al'adu na Yamai. Mutanen nan ba su da miliyoyi. Labari su ke da shi. Ita kuwa Wakanda, mafi yawan hotunanta a Atlanta ta Amurka a ka ɗauke su.

Ɗan uwa, ƴar uwa, in kashi na uku ya zo, ku kalla ku ji daɗi. Amma kafin nan ga aiki. Ku ɗauki alƙalami, kowa ya rubuta layi biyar: yaya ƙauyenku zai zama nan da shekara hamsin? Ina rijiya, ina lakwal, ina likita, wa ke yanke shawara? Ku karanta wa juna, ku yi gardama a kai. Wannan hasashen ya fi na fada amfani, don amsarsa a hannunku ta ke.

Sai wani jiƙon.