Abin da Maƙeri Ke Karantawa a Cikin Wuta

Da damina ta ƙarato, manomi a Gangara ko Sabon Birni ko Isa sai ya bi ta maƙera, ko don sabuwar fartanya ko don gyaran garma. Mai jira yakan tsuguna a bakin rumfa yana kallon masaba da uwar maƙera, domin nan ƙara take. Ni kuwa idon maƙerin nake kallo. Ba ya ɗauke shi daga wuta.

Yaro na danna zuga-zugi, gawayin ƙirya na huci, ƙarfe na kwance cikin garwashi. Da fari ja ne mai duhu, zafin digiri 600 zuwa 700 ke nan, kuma bai yi laushi ba tukuna. Da ya koma ruwan goro, wajen digiri 900 zuwa 1,000, sai awartaki ya cafko shi a hau duka. In ƙarfe biyu ake son haɗewa, sai ya wuce rawaya ya doshi fari, kusan digiri 1,300, har ya soma tartsatsi. A nan sakaci kaɗan ya isa ya ƙone aikin yini guda. "Sassauta, yaro," in ji maƙeri, bai ko waiwaya ba. Ba shi da ma'aunin zafi, launi ne ma'auninsa, shi ya sa ya fi son inuwar rumfa, don hasken rana na dusashe jan.

Wannan launin zafi ne. Akwai kuma launin harshen wutar kansa, wanda maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, suka fi sani. Jan ƙarfe na shiga wuta, bakin harshen zai yi kore shar, wani lokaci da ratsin shuɗi. In akwai tutiya a cikin haɗin kuma zafi ya yi yawa, sai farin hayaƙi ya tashi, gwani ya janye tukunyar narki nan take. Garin da suke barbaɗawa wurin liƙi shi ne ainihin sinadari, kalmar da yau ta cika bakin malaman kimiyya. Daga maƙera ta fito.

Uwargida ma ta san abin. Miya ta tafaso ta zuba a kan wutar gas, shuɗin ya rikiɗe rawaya. Sodiyam ne da ke cikin gishiri da kanwa. Toka na ɗauke da fotasiyam mai launin shunayya, amma da wuya a gan shi, domin ƙwayar gishiri ɗaya ta isa ta rufe shi.

Dalilin yana cikin ƙwayar zarra. A cikinta akwai 'yan mitsi-mitsin ilektaron, kowane a kan matakinsa kamar na tsani. Zafi na ingiza su sama, ba sa daɗewa su faɗo, kuma a faɗowar suke sakin ƙarfin da suka ɗauka ya fito haske. Tazarar matakan jan ƙarfe daban, ta sodiyam daban, don haka kowa da launinsa, ba ya aron na wani. A Heidelberg ta Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka tsefe wannan haske da gilashi, suka gano sabon ƙarfe siziyam a 1860, da rubidiyam a 1861. Ta hanyar nan aka hango hiliyam a hasken rana a 1868, tun ba a same shi a doron ƙasa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne samarin da ke ƙona tsofaffin wayoyi don ciro jan ƙarfe. Suna ganin koren nan, suna shaƙar hayaƙin roba mai guba, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Malaman kimiyya na ƙasar Gobir, in babu ɗakin gwaji a makarantarku, akwai maƙera a gari. Ku nemi izinin Sarkin Maƙera, ku riƙo ɗan gishiri da guntun jan ƙarfe, ku kai yara su tsuguna gaban mai sana'a.