Uluru: dajin da aka ce ba kowa a cikinsa

Tallar da ta ja mu zuwa Uluru cewa ta yi daji ne fetal, ba kowa sai jan rairayi da taurari. Kwana uku na yi a can da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma tun ranar farko na gane wannan magana ƙarya ce da aka yi wa kwalliya. Wurin yana da masu shi. Sunansu Anangu, kuma kakanninsu na zaune a yankin tun dubban shekaru kafin wani Bature, William Gosse, ya iso dutsen a 1873 ya laƙaba masa sunan wani babban jami'in gwamnati, Henry Ayers. Har gobe filin jirgin da za ka sauka Ayers Rock ake ce masa.

Dutse ne guda ɗaya, ja wur, a tsakiyar Ostireliya. Tsayinsa mita 348, zagaye shi a ƙafa kusan kilomita 10 ne, kuma daga Alice Springs sai ka yi wajen awa biyar a mota.

Shi kansa dajin da ake tallar cewa hannun mutum bai taɓa shi ba, da hannu aka raine shi. Anangu sun saba ƙona ciyawa fili-fili a lokacin sanyi, don kada ta taru ta zama makamashi. Da aka raba su da ƙasar, ƙunar ta tsaya, sai gobarar 1976 ta lashe mafi yawan gandun. Yanzu ma'aikatan gandun daji sun koma ga tsohuwar dabarar, dattawan Anangu na nuna musu. Direban da ya ɗauko mu ya cika mana kunne da labarin raƙuma da farashin abinci, amma ko sau ɗaya bai taɓo wannan ba.

A yi adalci, akwai abin yabo. Ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardar mallakar ƙasarsu, kuma su ke da rinjaye a kwamitin gudanarwa. Cibiyar al'adun da aka buɗe a 1995 ta burge ni ƙwarai: ginin tubalin laka ne, an murɗa shi kamar macizai biyu, Kuniya da Liru, waɗanda labarinsu ke jikin dutsen. Ba ta yi maka alkawarin za ka san komai. Tana gaya maka kai tsaye cewa a cikin Tjukurpa, wato doka da tarihi da aƙidarsu, akwai abin da ba naka ba ne.

Sai dai mayarwar da sharaɗi ta zo: su ba da ƙasar haya ta shekara 99. Kuma duk da allon da suka kafa a gindin dutsen suna roƙon kada a hau, sai da aka ƙara shekara 34 ana tattaka shi, ana riƙe da sarƙar da aka kafa tun shekarun 1960. Mutum sama da 30 sun mutu a hawan. Sai 26 ga Oktoba 2019 aka rufe, bayan watanni ana tururuwa, kowa na so ya hau kafin a hana. Wace irin mallaka ce wannan, maigida na roƙon baƙo ya sauko daga kan rufinsa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗuwar rana. Motoci a jere, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebura, kowa ya juya wa dutsen baya yana ɗaukar kansa hoto. Daga nan a kwashe mu zuwa Yulara, garin otal-otal da ke wajen gandun. Masu ƙasar kuwa suna Mutitjulu, a gindin dutsen, inda baƙo ba ya shiga sai da izini. Hakkinsu ne su tsare gidansu. Amma an tsara tafiyar ta yadda za ka zo ka tafi ba ka ko tambayi yadda suke rayuwa ba.

Mu ma da namu. Da na tura hotuna a WhatsApp na dangi, wani ɗan'uwa ya ce me ya sa ban ɗauki kogon da na ba shi labari ba. Na ce an hana. Ya ce, "Haba Yaya, kai ma ka yarda da camfinsu?" Ba wanda ya nemi in yi imani da komai. Cewa aka yi wannan ɓangaren na mata ne, wancan na maza ne, kada a ɗauka. Mu da muka tashi muna karanta "Ba a shiga" a ƙofar gida, muna tsayawa a zaure mu yi sallama, bai kamata sai an yi mana tafsiri ba.

Ranar komawa na tarar da jan tsakuwa a aljihun 'yata. Na gaya mata cewa mutane daga ƙasashe daban-daban kan aiko da irinsa ta gidan waya da wasiƙar ban haƙuri. Ta ce ita ba ta da kuɗin kan sarki. Muka juya mota, ta sauka ta ajiye shi a bakin hanyar da ta tsince shi.