Gidan Badamasi: Wai Gidan Nan Ba Tsohuwa Ne?

Shiri: Gidan Badamasi
Tasha: Arewa24
Darakta: Falalu A. Ɗorayi
Marubuci: Nazir Adam Salih
'Yan wasa: Magaji Mijinyawa, Nura Ɗandolo, Tijjani Asase, Mustapha Naburaska, Falalu A. Ɗorayi da sauransu

Sunan ɗan yayana ne ya kai ni gida Taba, can ƙasar Kudan, lokacin ana tsakiyar saran rake. Daren suna, bayan an gama suyar rago an sallami 'yan kusa, sai ya rage saura mu 'yan gida da baƙin Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara waɗanda dare ya yi musu. Yara suka fito da talabijin tsakar gida, aka jona da batirin sola, wani ƙanena ya saka tsofaffin sassan Gidan Badamasi da aka tura masa a waya. An sha dariya ƙwarai, har mai jego sai da aka ce ta sassauta. Gwaggona kuwa, wadda ita ce babba a matan gidan yanzu, tana gefe tana gyaran goro, ba ta ce uffan ba. Sai da aka cinye sassa biyu sannan ta ɗago kai ta ce da ni, "Kai da ka san 'yan fim, wai gidan nan ba tsohuwa ne a cikinsa?"

Na yi shekaru ina kallon wannan shiri, na kuma sha yabonsa a gaban abokai, amma ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ita ce dalilin wannan sharhi.

Ga wanda bai san labarin ba, in ma akwai shi: Alhaji Badamasi (Magaji Mijinyawa) attajiri ne da tsufa ya cim masa a kan keken guragu. Ya yi ƙuruciyarsa yana auri-saki, ya zuba 'ya'ya a garuruwa, bai riƙe su ba, bai san tarbiyyarsu ba. Da girma ya kama shi sai ya kira su gida ɗaya da alƙawarin zai ba su miliyoyi. Suka taru, kowa da halin da duniya ta koya masa, suna jiran kuɗi, shi kuma tsoho ga rowa ga wayo, kullum da sabon dalilin da zai sa a ƙara jira. Tun da shirin ya fara fitowa a 2019 ya shiga bakin mutane, har ta kai ana yi wa gidajen da 'ya'ya suka yi yawa kuma ba jituwa laƙabi da gidan Badamasi.

A ba kowa haƙƙinsa. Dabarar da Nazir Adam Salih ya yi ta tara 'yan uba a rufi ɗaya dabara ce mai kyau, domin ta ba shi rijiyar da ba ta ƙafewa. Magaji Mijinyawa kuwa ya nuna shi tsohon hannu ne. Ɗan wasan da aka hana shi tsayuwa da tafiya, ba abin da ya rage masa sai fuska da murya, kuma da su kaɗai yake riƙe sin, ya yi wa yaro wani kallo ta ƙasan ido ka ji dariya ta kama ka tun kafin ya buɗe baki. Nura Ɗandolo a matsayin Yaya Ɗankwambo ya samu rigar da ta yi masa daidai. Tijjani Asase (Bazuka) da Naburaska (Zaidu) da shi kansa darakta (Taska) kowa ya san layinsa. Sannan shirin ya faɗi wata gaskiya mai ɗaci da malamai suka daɗe suna faɗa a kan mumbari ba a ji ba: wanda ya haifa bai riƙe ba, kada ya sa ran a ji ƙansa ranar da ƙarfi ya ƙare. Wannan saƙo ya isa inda aka aike shi.

Matsalar aiki kuma akwai ta. Ihu ya yi yawa. Sau da dama mutum huɗu ko biyar ke magana lokaci guda, sai zancen da ya fi daɗi ya nutse a cikin hayaniya. Akwai kuma maimaici: a ƙulla wa tsoho makirci, asiri ya tonu, a koma gidan jiya. Amma waɗannan ƙananan abubuwa ne, ba su ne suka dame ni ba.

Abin da Gwaggo ta hango shi ne babba. Ba cewa take babu mata a shirin ba. Mata suna nan, kuma bakinsu bai mutu ba. Abin da take nema shi ne tsohuwar nan da kowane babban gida yake da ita, kaka ko gwaggo ko uwargidan da ta ga jiya ta ga yau, wadda ta san ranar haihuwar kowa da damina ko rani, ta san wanda ya sha nonon wa, ta san wace ce ta yi yaji a bara da abin da aka ce kafin ta dawo. Ita ce gidan rediyon zuri'a, ita ce kuma kotun farko. A gidan Alhaji Badamasi kuwa abu ɗaya ne ya tara mutane, wato aljihun tsoho, kuma kusan duk abin da ya faru a gidan, ko ta ina ya fara, can yake ƙarewa. Iyayen yaran mata, waɗanda su ne suka sha wahalar auri-sakin, ba su ne a tsakiyar labarin ba. Saboda haka abin da muke kallo ya fi kama da ɗakin jira na banki fiye da gida. Ka cire alƙawarin kuɗin yau, gobe da safe kowa ya ɗauki jakarsa.

Na san za a ce ai da gangan aka yi, gidan da ya lalace ake nunawa, ba gidan kirki ba. Na yarda. Sai dai in ka waiwaya baya za ka ga kusan duk lokacin da marubutanmu da 'yan fim suka shiga babban gida, a ranar rushewarsa suke shiga. Mutumin ƙasarmu, marigayi Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, gidan Malam Jatau ya nuna mana yadda ya watse bayan ya auro Kyallu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda daga baya aka mayar da shi fim, ta nuna yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, ba na ja da su. Amma daga nan sai industiri ta ɗauki abin kamar doka: in ka ga dangi sun taru a fim, to ko dai rabon gado ne, ko auren dole, ko za a je wa boka a kan kishiya. Baffa a fim ɗin Hausa aikinsa cin dukiyar marayu. Gwaggo aikinta zuga. Ɗan uba kuwa ba sai an faɗa ba.

To ni a babban gida na tashi, kuma ba haka kwanakinsa suke tafiya ba. Bari in ba mai karatu lissafin kwana ukun da na yi a Taba kawai. Ranar da na isa, ana shawarar wanda zai raka wata ƙanwarmu asibiti Zariya, da wanda zai ba da kuɗin mota, domin mijinta ya tafi cirani. Washegari da asuba aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, wanzami ya zo aski, sai ga ƙaramar rigima a kan kason naman ungozoma. Kafin azahar labari ya zo an yi rasuwa a dangin matar baffana a Maƙarfi, nan take aka raba mutane biyu, wasu su zauna da baƙin suna, wasu su bi jana'iza, kuma zaɓen wanda zai je ɗin ma siyasa ce, domin akwai wanda ba ya ga maciji da gidan tun wata maganar aure da ta lalace shekara shida da suka wuce. Da yamma mata suka baje gudunmawar biki, ana kiran suna ana tuna abin da mai jego ta kai wa kowace a nata bikin, don a al'adar biki abin da aka kawo miki ba kyauta ba ce zalla, bashi ne da za ki mayar da ƙari. Wata ta kawo ƙasa da abin da aka kai mata. Ba wanda ya ce mata komai, amma duk tsakar gidan an gani, ita ma ta san an gani. Jama'a, in wannan ba sin ba ne, mene ne sin?

Kuma kada a ce ai barkwanci ake so. Barkwancin yana nan a cikin gida tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Ga wasan taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Ga wasan jika da kaka, tsohuwa na kiran jariri ɗan kwana bakwai mijinta, tana ƙorafin bai kawo cefane ba. Ga kunyar ɗan fari, uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta ko da ya yi furfura, sai dai ta ce "wancan" ko "shi yaron nan". Ga suruki da ya hango surukarsa a hanya ya rasa inda zai sa kansa. Duk wannan dariya ce da ba ta bukatar a zagi uba. Nan ne ma na fi jin ciwon Gidan Badamasi: yawancin dariyarsa daga raini take fitowa, ɗa ya yi wa mahaifinsa magana kamar sa'ansa. An ce halin tsohon ne ya jawo masa, haka ne, amma yaran da suka zagaye talabijin a gidanmu ba su tsaya nazarin dalili ba, salon maganar suka kwashe.

Wanda yake son ganin yadda labarin yau da kullum na dangi ke riƙe mai sauraro, ya nemi Baba of Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau, yawanci a Giwa, tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗa, aka buga littafin da Turanci a 1954. Baba ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, amma mafi yawan abin da ta ba da labari shi ne wa ya auri wa, wa ya haihu, wa aka ba riƙon ɗan wa, yadda aka yi ƙawance, yadda aure ya mutu aka sake wani. Ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Fiye da shekara saba'in ke nan ana karanta littafin a jami'o'in duniya. Ga irin tsohuwar da Gwaggo ke cigiya. Daga Giwa zuwa Kudan kuwa ba wata tafiya ba ce. Irin gidajen ne, irin maganar ce.

Abin da ya sa na ɗauki zancen da zafi shi ne babban gidan da kansa yana cikin wani hali a ƙasarmu. A da gandu ne ke riƙe shi: uba da 'ya'yansa, har masu aure, su yi noma tare daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa. Mai gida ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa saurayi auren fari, ya sayi ragon suna. Yau gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gida goma, taki ya yi tsada, samari sun tafi Kaduna da Abuja da Legas, wasu acaba wasu dako. A gidanmu ma tukunya ta rabu tun rasuwar kakanmu. Abin da ya rage yana haɗa mu shi ne waɗannan ƙananan abubuwa da 'yan fim suke gani ba labari ba ne: suna, ta'aziyya, dubiya, kai amarya, zuwa gaisuwar Sallah. Saurayin da yake ta tunanin ko ya sayar da kasonsa na gona ya tattara ya bar garin, in duk abin da allo ke nuna masa game da 'yan'uwa shi ne ƙulle-ƙulle da jiran mutuwar tsoho, to an ƙara masa hujja.

Ba ina cewa a yi mana fim ɗin wa'azi inda kowa ke murmushi ana cin tuwo a kwano ɗaya ba. Allah Ya kiyaye, wannan ma ƙarya ce, kuma ba mai kallo. Akwai hassada a babban gida, akwai gulma, akwai wanda ya ci amanar marayu da gaske. Abin da nake cewa shi ne mutanen nan da suka yi faɗa da safe su ne za su ɗauki makara tare da la'asar, kuma a tsakanin faɗan da makarar nan labarin yake. Daɗin Kowa, wanda ita ma Arewa24 ce ta kawo shi, ya ɗan leƙa wannan fili, shi ya sa mutane suka riƙe shi kamar labarin maƙwabtansu, sai dai shi gari ya ɗauka gaba ɗaya, ba gida ɗaya ba. Falalu da Nazir sun riga sun nuna suna iya riƙe mutum goma a falo ɗaya ba tare da labari ya kuɓuce musu ba. Wanda ya iya wannan zai iya fita da kyamara tsakar gida, wajen murhu da turmi, ya kuma nemo tsohuwar da in ta yi gyaran murya har Bazuka zai nemi wurin zama.

Da safe da zan koma Zariya, na je sallama ɗakin Gwaggo. Ta ba ni ƙullin mazarƙwaila da naman suna kashi uku, ta lissafa mini gidajen da zan kai, ta ce in biya ta asibiti in dubo ƙanwar tamu, in kuma gaya wa wani yayanmu da ke Sabon Gari cewa an ga bai zo suna ba, kuma ba a ji dalili ba. Na ce mata ai sai in buga masa waya tun daga nan. Ta ce a'a, ƙafa ta aike ni.