Jinjina ga Magoya Bayan Ƙananan Kwalejoji

A watan Maris, lokacin da hankalin Amurka ke kan gasar manyan jami'o'i ta NCAA, wasu bayin Allah kan nufi birnin Kansas City don gasar ƙwallon kwando ta ƙananan kwalejoji ta NAIA. An fara ta ne a 1937, da hannun James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan. Waɗannan magoya baya sun cancanci jinjina. Iyaye ne da tsofaffin ɗalibai da 'yan gari, wasunsu a mota suke kwana saboda nisa. Sun san sunan kowane yaro, har mai zaman benci. Ba kuɗi suke samu ba, ba suna ba. Ko an doke ƙungiyarsu, sai sun tsaya sun rarrashi yaran kafin su kama hanyar gida.