Tsuntsun ya fito tas, amma ina fadamar?

Daga watan Disamba zuwa Maris, duk mai bin shafukan masu ɗaukar hoton namun daji a Facebook da Instagram zai ƙoshi da tsuntsayen Dagona da Baturiya. Ga kirinjijiya sun jeru a bakin ruwa, ga zalɓe ya cafke kifi, ga dinya ta ware fukafukai. Hotunan sun yi kyau, babu ja. Sun ma yi aikin da rahotanninmu na bincike suka kasa, domin sun sa matashin Kano ko Kaduna ya san cewa tsakanin Haɗejia da Nguru akwai fadamar da aka ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a cikinta. Ƙorafina shi ne kusan dukansu zubinsu ɗaya: tsuntsu ya cika hoto, bayansa kuwa dishi-dishi, ba ka gane komai.

Wannan dishi-dishin da gangan ake yin sa. Idan aka yi amfani da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa, aka buɗe ƙofar haskensa sosai, siririn wurin da aka saita ne kawai ke fitowa tas, sauran ya narke. Ido yana son hakan. To amma abin da ya narken shi ne labarin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a fadamar ya sauya. Da ambaliya ce ke zuwa ta janye, yanzu a wurare da dama ruwa kwanciya yake yi shekara zagaye, kuma abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki mai ɗibar hatsin manoma. Wannan koren launi mai laushi da ke bayan zalɓen, sau da yawa kachalla ce. Mai kallo ya danna alamar so ya wuce, da tunanin komai lafiya lau.

Sai batun lokaci, wanda ya fi damuna. Yawancin hotunan babu rana, babu takamaiman wuri, iyaka a rubuta "Yobe" a sa alamar zuciya. Kyamara tana ajiye rana da sa'a a cikin fayil ɗin hoto, amma da zarar an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto ko an ɗora a Facebook, wanda ya sauke ba zai tarar da wannan bayanin ba. A ilimin tsuntsaye kuwa rana ita ce rabin shaida. Agwagin ruwan da ke zuwa mana daga Turai da Asiya suna sauka ne bayan damina, su koma wajen Maris zuwa Afrilu. Shamuwa kuma akasin haka take, daga kudancin Afirka take dawowa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi ke duba ta kamar kalanda. Ka ga ke nan hoton shamuwa a ranar 10 ga Afrilu da hotonta a ranar 10 ga Mayu maganganu biyu ne daban. (Masu kwaso shawarar Turawa cewa bayan hunturu ne lokacin kallon tsuntsaye su lura: ranar da baƙin ke isa Ingila, mu a nan sallama muke yi da su, cikin zafin bazara.)

Akwai kuma ɗabi'ar da hoton kansa ke tona wa asiri. Idan ka ga garke guda ya tashi fir a lokaci ɗaya, duk sun ba kyamara baya, akwai alamar korar su aka yi, ko da jifa ko da kutsa kwalekwale. A Janairu wannan takura ce. A ƙarshen Maris ta fi haka, domin lokacin ne suke tara kitsen da zai ƙetarar da su Sahara, tafiyar da ta doshi kilomita 2,000, kuma wasu ƙananan tsuntsaye sai sun kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Duk tashin banza daga wannan guzurin ake cire shi.

Ni a Mahuta nake, kudu da Kogin Kaduna, kuma a ganina hoton waya da aka ɗauka a lambunan bakin rafin Romi, da balbela a tsakiyar kunyoyin alayyafo da ledoji a gefen ruwa, ya fi amfani ga bincike a kan kyakkyawan hoton Dagona marar rana, muddin an rubuta wuri da kwanan wata. Akwai ma inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai su zagaya su rubuta duk abin da suka gani ta manhajar waya. Ba a tambayar kuɗin kyamararka.

Ba cewa nake a daina ɗaukar hoto na kusa ba, da shi ake tantance irin tsuntsu. Amma bayan an ɗauka, a ja da baya a ƙara ɗaya mai faɗi, wanda zai nuna iyakar ruwan, da kachallar, da masuncin da ke gefe da komarsa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa, a da ana ganinta garke-garke a fadamun Arewa, yau ganinta a dajin Najeriya ya zama abin labari. Mai son gano shekarar da ta fara ɓacewa daga kowace fadama tsofaffin hotuna masu rana da wuri zai nema, kuma irin wannan tambayar ce za a zo a yi wa hotunan dinya da kirinjijiya da muke ɗauka yanzu.