Digiri da Buhun Wake

Yau ƙorafi zan yi a kan jami'a, duk da na san wani zai ce me ya kai wadda ta tsaya a sakandare tsoma baki a zancen manya. To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma awakinmu ake kaiwa kasuwa a biya kuɗin rajistar nan.

Duk jami'ar da kika tambaya manufarta, cewa za ta yi tana shirya ɗalibi ne ya fita ya kama aiki. Wane aikin? Na gwamnati dai kowa ya san ba ya isar masu nemansa. Shi ya sa daga zangon karatu na 2007 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta wajabta darasin koyon sana'a da dogaro da kai. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma sau da yawa abin da yarinya ke dawowa gida da shi bai wuce haɗa sabulun ruwa da 'yar haddar cin jarrabawa ba. Haba jama'a! Uwar da ta yi shekara ashirin tana matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida, har ta yi wa 'ya'ya biyu kayan ɗaki, ita za a kawo wa labarin sana'a daga allo?

Ku dubi ƙasarmu ta Bichi, Dambatta, Makoɗa da Tsanyawa. Gona jikin gona, ba a barinta ta huta ko damina guda, takin dabbobi da toka da juji ne ke riƙe da ita, ga rabon gado kullum yana ƙara yanka ta. A irin wannan wuri ba a faɗaɗa gona, sai dai a rage asara. Kuma nan ne ilimin jami'a ya kamata ya nuna kansa.

Ɗauki wake kawai. A girbe shi lafiya ƙalau, kafin wata uku ƙwari sun mayar da shi gari, don haka manomi yake rabuwa da shi da kaka a wulaƙance. Masu ajiya kuma su antaya masa fiya-fiya, abin da ya sa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya. Wanda suka ƙi ɗin kuwa, mu ke zuba shi a tukunya. Alhali wata jami'a a Amurka mai suna Purdue ta fito da buhu mai leda biyu a ciki, in an ɗaure shi tamau iska ta ƙare wa ƙwarin sai su mutu, ba magani ko ɗigo. An daɗe ana yaɗa shi a Najeriya da Nijar. Kin ga aikin jami'a ke nan: ta san abin da uwa ba ta sani ba, ta miƙo mata shi har bakin rumbu. Haka zancen gyaɗa, wadda in ba ta bushe sosai ba funfuna ke sa mata gubar da ke taɓa hanta. Mata nawa aka taɓa gaya wa?

Ba na cewa ba a yin komai. Jami'ar Bayero ta buɗe cibiyar binciken noma a busassun yankuna a 2012, ga kuma Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta. Ilimin yana nan. Inda nake ja shi ne lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki, sai a ƙyale yarinya ta nemi ofis a birni ta zauna tana gadin teburi har wa'adin ya cika. Me zai hana a mayar da ita ƙauyensu da kaka, ta lissafa wa mata ribar manja da ta man gyaɗa, ta bi buhu goma daga gona har kasuwar Dawanau ta ga inda kuɗin ke zurarewa, a ba ta maki a kan haka?

Mu ma iyaye da namu laifin fa. Mu ne muke cewa 'yata ta yi boko, ba za ta taɓa ƙasa ba, mu hana ta ko leƙa rumbu kada lallenta ya ɓaci. Sai ta zauna shekara uku tana jiran takardar ɗaukar aiki, mu kuma muna tankaɗe ƙwari daga waken da za mu yi alala.